Obi da Yukata: Tarihin Ɗamara da Rigar Bazara a Ƙasar Japan

 Yau za mu ci dogon zango, zuwa tsibiran Japan, domin mu duba tarihin wasu tufafi biyu na mutanen can.

Duk wanda ya taɓa ganin hoton macen Japan cikin kayan gargajiya, abin da idonsa ke fara sauka a kai shi ne wata faffaɗar ɗamara da ta naɗe ta tun daga ƙugu har ƙasan ƙirji, da wani ƙulli a baya kamar ta goyi ɗan akwati. Sunan wannan ɗamara obi. Rigar da take ɗaurewa kuwa ita ce kimono, kalmar da ma'anarta ba ta wuce "abin sawa" ba. A cikin dangin kimono akwai wata ta auduga, mara shafi, wadda ake sawa lokacin zafi, ana kiranta yukata. Tarihin waɗannan biyun ya yi hannun riga. Obi ta fara a matsayin 'yar igiya da ba wanda ya damu da ita, ta yi ta hawa har ta fi rigar tsada, ta kai matsayin da sai an shiga makaranta kafin a iya ɗaura ta. Yukata kuwa ta fara a ɗakin wankan sarakuna, ta gangaro hannun talakawa, kuma a yau ita ce kimonon da ta fi yawo a jikin mutane.

Sai mu fara da ɗinkin rigar, domin a nan ne buƙatar ɗamara ta samo asali. Turmin yadin kimono siriri ne, faɗinsa bai kai santimita 40 ba, tsawonsa kimanin mita 12. Ana yanka shi gida takwas, yanka miƙaƙƙe, a haɗa da ɗinki miƙaƙƙe. Babu maɓalli, babu aljihu, gaban rigar a buɗe yake daga wuya har ƙafa. Mai sawa zai kwantar da ɓangaren dama a jikinsa, sa'an nan ya rufe da na hagu. Wannan tsari ya zama doka a shekarar 719, a zamanin sarauniya Gensho, lokacin da fadar Japan ke koyi da fadar ƙasar Sin. Gawa kaɗai ake rufe wa hagu da dama, shi ya sa har gobe idan baƙo ya juya rigar, za ka ga dattijuwa ta yi saurin gyara masa. Rigar da ba ta da maɓalli kuwa, dole wani abu ya riƙe ta.

A zamanin da ake kira Heian, daga 794 zuwa 1185, matan fada riguna suke jibgawa, wata kan wata, da jan wando mai faɗi a ƙasa, kuma zariyar wandon ce ke riƙe kayan ciki. Can ƙasan tarin rigunan akwai wata farar 'yar ciki mai ƙaramin bakin hannu, sunanta kosode. Da mulki ya koma hannun mayaƙa, aka shiga rage tarin kaya, har zuwa ƙarni na 15 da na 16 mata suka ajiye wandon, 'yar cikin nan ta zama rigar fita. Ita ce kakar kimonon yau. To, da wando ya tafi, zariyarsa ta tafi, sai aka nemi ɗan ƙyalle siriri aka ɗaure ƙugu da shi. Obin farko ke nan, faɗinta bai wuce yatsu uku ko huɗu ba. A ƙarshen ƙarni na 16, lokacin da Toyotomi Hideyoshi ya kai yaƙi Koriya tsakanin 1592 da 1598, an yi yayin wata igiyar alharini da aka kitsa, mai tuntu a bakinta, ana zagaya ta a ƙugu sau da yawa. Maza da mata duk ɗamararsu kusan iri ɗaya ce, kuma kowa yana ƙulla ta inda ya ga dama: gaba, gefe ko baya.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne zaman lafiya. A 1603 Tokugawa Ieyasu ya zama shogun, wato sarkin yaƙi mai riƙe da ainihin mulki, alhali sarkin sarakuna na zaune a Kiyoto da suna kawai. Gidansa ya mulki ƙasar daga birnin Edo, wanda shi ne Tokiyo ta yanzu, fiye da shekara 260. Birane suka cika, kasuwa ta buɗe, kuɗi suka taru a hannun attajirai, matansu da 'ya'yansu kuma suka shiga gasar ado. Hannun rigar 'yan mata ya yi ta tsawo yana reto, rigar kanta ta ƙara tsawo har tana jan ƙasa. Siririyar igiya a tsakiyar irin wannan riga sai ta zama abin dariya, don haka ɗamara ta fara faɗi.

Masu jan ragamar yayi a lokacin 'yan wasan kwaikwayo ne na kabuki. A 1629 hukuma ta hana mata hawa dandamali, sai maza suka riƙa fitowa a matsayin mata, kuma abin mamaki, daga wurinsu matan birni ke ɗaukar salon ado. Wajen shekarun 1670 wani ɗan wasa a Kiyoto mai suna Uemura Kichiya ya fito da faffaɗar ɗamara, ya ƙulla ta a baya, ya sa darma a bakunanta biyu don su riƙa lilo kamar kunnuwan kwikwiyo. Ba a jima ba 'yan matan birnin suka kama, ƙullin ya ɗauki sunansa. Bayansa wani mai suna Mizuki Tatsunosuke, wanda aka ce dogo ne, ya bar bakin ɗamararsa ya zubo ƙasa don ya rage wa tsawonsa fitowa, shi ma ƙullinsa ya zama yayi. Zuwa shekarun 1730 faɗin obin mata ya kai santimita 25, zuwa 1800 ya kai 30, inda ya tsaya har yau.

Wannan faɗi ya jawo sauye-sauyen da ba wanda ya shirya musu. Da can masu rini suna ɗaukar bayan riga kamar allo guda, su zana hoto ɗaya daga kafaɗa har ƙasa. Da ɗamara ta raba allon biyu, sai zane ya gudu zuwa kafaɗa da gindin riga, tsakiya ta zama filin obi ita kaɗai. Hannun rigar mata kuma dole aka farke shi daga jikin rigar ta ƙasan hammata, domin ɗamara ta sami wurin wucewa. Ƙullin da ya girma ya hana aiki idan yana gaba, sai ya koma baya. An daɗe ana bambancewa, budurwa ta ƙulla a baya, matar aure a gaba, amma daga bisani baya ya rinjaya, gaba ya rage wa tsofaffi da manyan karuwan unguwar Yoshiwara, waɗanda ba sa ɗaukar tsintsiya balle tukunya. Tun daga nan mace ta koma tana ƙulla abin da idonta ba ya gani, da hannu biyu a bayanta.

Ɗamarar maza ba ta bi wannan hanya ba. Ta tsaya a kimanin santimita 10, ana ɗaura ta ƙasan cibiya, domin aiki take yi. A cikinta baraden samurai ke soke takubbansu biyu, dogo da gajere, har zuwa 1876 da aka hana yawo da takobi. Da yake riga ba ta da aljihu, a jikinta maza ke rataya jakar taba da ɗan akwatin magani, da wani ɗan sassaƙe na katako ko hauren giwa a bakin igiyar don kada ta zame, wanda ake kira netsuke, yau kuma yana cike da gidajen tarihi na Turai. Mafi shahara ita ce saƙar Hakata ta birnin Fukuoka, mai yawan zaren tsaye da kaurin zaren kwance, wadda idan aka ja ta takan yi 'yar ƙara, kuma ba ta saki. Daga farkon ƙarni na 17 gidan sarautar Kuroda ya riƙa aika ta gaisuwa ga shogun. Baƙar ɗamarar nan da yaranmu suka sani a wasan judo da karate, ita ma sunanta obi, kuma Kano Jigoro, wanda ya kafa makarantar judo a Tokiyo a 1882, shi ya mai da ita alamar matsayi.

Ƙullin akwatin nan da muka ambata a farko, ana kiransa taiko, wato ganga. Ba daga siffar ganga sunan ya fito ba, daga sunan wata gada ce mai doro a wurin bauta na Kameido a Edo. A farkon ƙarni na 19, ranar bikin sake buɗe gadar, matan geisha na unguwar Fukagawa, masu sana'ar kiɗa da rawa da hira, suka zo da ɗamara an ɗaga ta a baya ta yi doro kamar gadar. A haƙiƙa wannan ba ƙulli ne ba, ninki ne, kuma ninki ba ya tsayuwa da kansa. Sai aka ƙaro ɗan matashi a ciki don ya tayar da shi, da ƙyallen alharini don ya rufe matashin, da kitsattsiyar igiya a tsakiya don ta riƙe duka, daga baya har da ɗan allo a gaba don kada ya yamutse. Ka ga abin da aka ƙirƙira don ya ɗaure riga ya koma shi ma yana neman a ɗaure shi, rigar kuwa wasu ɓoyayyun igiyoyi ne ke riƙe ta a ƙasa. Obin biki mafi nauyi, mai suna maru, ana saƙa ta da faɗin kusan santimita 70 a ninke biyu, tsawonta ya haura mita 4. Ta 'yan matan da ke koyon aikin geisha a Kiyoto takan kai mita 6, kuma ƙarfin namiji ake nema wajen ɗaura ta, akwai maza da sana'arsu ke nan.

Cibiyar saƙar irin wannan ɗamara ita ce unguwar Nishijin a Kiyoto. Sunan na nufin sansanin yamma, domin a nan rundunar yamma ta yi sansani a yaƙin Onin na 1467 zuwa 1477, wanda ya ƙone birnin. Da ƙura ta lafa, masaƙan da suka gudu suka dawo suka zauna a kufan sansanin. Zaren zinariyarsu abin a tsaya a duba ne: ana manna ganyen zinariya a kan takarda da ruwan wani itace mai danƙo, sa'an nan a tsattsaga takardar siriri kamar gashi a saƙa da ita. Tsohuwar masaƙarsu mutum biyu take ci, ɗaya a ƙasa yana jefa ƙoshiya, ɗaya a sama yana ɗaga zaren da zane ke buƙata. Da fada ta tashi zuwa Tokiyo a 1869, Nishijin ta rasa manyan masu sayenta. Hukumar Kiyoto sai ta tura mutum uku zuwa birnin Liyon na Faransa a 1872, su koyo aiki da injin Jakar, wanda kati mai huji ke ɗaga masa zare a madadin mutumin sama. Biyu suka dawo da injin a 1873. Na ukun, Yoshida Chushichi, ya tsaya ƙarin koyo, a hanyarsa ta dawowa a 1874 jirgin ruwan ya nitse a gaɓar Izu, gab da gida. Injin da suka kawo ne ya sa saƙar da a da sai gidan sarauta ta shiga akwatin auren 'yar ɗan kasuwa. Mutanen Japan na da wata magana, cewa riga ɗaya ɗamara uku: idan ka sauya obi, ka sauya shiga.

Mu bar ɗamara a nan, mu koma baya ga rigar wanka, domin tafiyarta dabam ce.

Wankan manyan mutane a zamanin Heian surace ne: ɗaki a rufe, cike da tururi. Sukan shiga da wata riga mara shafi ta zaren wani tsiro dangin rama, don kada tururi ya ƙone fata, don ta tsotse gumi, kuma don suturta jiki a gaban masu hidima. Sunanta yukatabira: yu ruwan zafi ne, katabira riga mara shafi. Da baki ya gajarta kalmar sai ta zama yukata. Ɗaruruwan shekaru ta yi ba ta fita daga ɗakin wanka ba. Abu biyu ne suka fito da ita: auduga da gidan wanka na haya.

Auduga baƙuwa ce a Japan. Littattafan fada sun ambaci wani baƙo da igiyar ruwa ta jefo lardin Mikawa a 799 da irin auduga, amma shukar ba ta ɗore ba. A ƙarni na 15 daga Koriya ake sayo yadin auduga da tsada, sai a ƙarni na 16 nomanta ya kama ƙasa. A zamanin Edo manoman kewayen Osaka da na Mikawa da Ise suka mai da ita amfanin kasuwa, suna sayen busassun ƙananan kifaye suna zuba mata a matsayin taki, har masunta a wani gefen ƙasar suka rayu da wannan ciniki. Ga talakan da kakanninsa suka yi sanyi da zafi cikin kaushin zaren rama, auduga ni'ima ce: tana da taushi, tana shan gumi, tana jure wanki, kuma tana karɓar rini fiye da rama.

Gidan wanka kuwa, an ruwaito cewa na farko a Edo wani mai suna Ise Yoichi ne ya buɗe shi a 1591. Gidajen birnin na katako ne da takarda, a cunkushe, gobara kuma ba ta yankewa, saboda haka yawancin mutane ba sa hura wutar wanka a gida. Zuwa farkon ƙarni na 19 gidajen wanka a Edo sun haura 500. Mutane suka daina shiga ruwa da riga, sai dai idan an fito a zura yukata ta busar da jiki. A benen sama maza kan zauna su sha iska, su sha shayi, su yi dara irin tasu. Daga bene sai ƙofar gida, daga ƙofar gida sai bakin titi da yamma. Bazarar Japan ba irin tamu ba ce mai busasshen zafi. Tana zuwa ne bayan ruwan Yuni, a watan Yuli da Agusta, da zufa mai danƙo wadda ba ta bushewa. Wanda ya ɗanɗani yadin auduga falle ɗaya a irin wannan yanayi, da wuya a mai da shi cikin riga mai shafi.

A nan ne doka ta shigo, kuma a ganina ita ce ta yi wa yukata gata ba da niyya ba. Gwamnatin Tokugawa ta jera mutane hawa-hawa: mayaƙa, manoma, masu sana'a, sa'an nan 'yan kasuwa a ƙarshe. Matsalar ita ce kuɗi na hannun na ƙarshen, mayaƙa kuma bashi suke ci a wurinsu. Ganin matar mai ba da bashi ta fi matar barde ado abu ne da hukuma ba ta iya haɗiyewa. Tun 1628 aka taƙaita manoma ga auduga da rama. A 1683 aka hana wasu nau'o'in surfani da rini masu tsada. A 1705 aka ƙwace dukiyar gidan Yodoya, manyan attajiran Osaka, bisa laifin wuce gona da iri. Mafi tsanani shi ne gyaran da Mizuno Tadakuni ya jagoranta daga 1841 zuwa 1843, wanda ya matsa wa mutanen gari kan sa alharini, har a 1842 aka kori babban ɗan wasan kabuki, Ichikawa Danjuro na bakwai, daga Edo saboda almubazzaranci. Mutanen birni ba su yi tawaye ba, dabara suka yi. Wasu suka mai da alharini shafin ciki inda ɗan doka ba ya gani. Wasu suka ƙware wajen bambance launin toka da na ƙasa iri-iri. Mafi yawa kuwa suka zuba basirarsu cikin abin da doka ta bari: auduga da shuni.

Baban Japan ba irin namu ba ne, wani ganye ne dabam, amma launin da ke cikinsa ɗaya ne. Mafi kyau daga lardin Awa yake, wato Tokushima ta yau, a kwarin kogin Yoshino da ambaliya ke sabunta wa ƙasa kowace shekara. Ana shanya ganyen, a tara shi a ɗaki, ana yayyafa ruwa ana juyawa kimanin kwana 100 har ya ruɓe ya yi baƙi. Marini ya haɗa shi da ruwan toka da farar ƙasa da dusa a cikin babbar randa da aka binne a ƙasa, ya jira ya tashi. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin karofi zai gane warin da kumfar, da yadda ƙyalle ke fitowa kore ya rikiɗe shuɗi idan ya sha iska.

Gwanintar Edo ita ce rinin dogon allo. A shimfiɗa yadi a kan allo mai tsawon kimanin mita 6 da rabi. A kawo takardar zane daga Ise, wadda aka ƙarfafa da ruwan ɗanyen 'ya'yan kaki, itacen da ke dangi ɗaya da kanyarmu, aka huhhuda ta da wuƙa. A ɗora ta a kan yadin a shafa ƙullun shinkafa, a ɗaga, a matsa gaba, a sake, sau da dama har ƙarshen turmi, ba tare da an ga mahaɗi ba. Idan ya bushe sai a juya yadin a maimaita a baya, kuma dole kowane ɗigo ya hau kan ɗan uwansa na gaba daidai, in ba haka ba farin zai dushe idan shuni ya ratsa. Dalilin wannan wahala shi ne yukata ba ta da shafi, iska na ɗaga ta, ana ganin cikinta. Wato talakan Edo, da aka hana shi alharini, ya sa aikin da ya fi na alharini wuya a kan yadin da doka ba ta da abin cewa a kansa. Zanen ma yakan yi magana. Danjuro na bakwai ɗin nan ya yi fice da wani zane mai lauje da zobe da harafi guda, waɗanda idan aka karanta sunayensu a jere a harshensu sai su ba da "ban damu ba".

Wata cibiyar ita ce Arimatsu, ƙauyen da aka kafa a 1608 a kan babbar hanyar Tokaido da ta haɗa Edo da Kiyoto. Ƙasar wurin ba ta shinkafa ba ce, sai mazaunan farko, ƙarƙashin Takeda Shokuro, suka kama rinin ɗauri: a ɗaure yadi da zare, ko a ɗinke, ko a naɗe, kafin a tsoma, kamar yadda marinanmu ke yi. Daga 1635 doka ta wajabta wa sarakunan larduna zuwa Edo su zauna shekara guda, su koma gida shekara guda, da ayarin ɗaruruwa ko dubbai. Hanya ta cika da matafiya, kowa kuma na son tsaraba mara nauyi. Salon ɗaurin Arimatsu ya haura 100, kuma bisa al'ada kowane gida salo ɗaya yake riƙewa, uwa ta koya wa 'ya.

Zuwa tsakiyar ƙarni na 19 yukata ta zama rigar yammacin bazara. Da ita ake zuwa kallon wasan wuta a kogin Sumida, wanda ake danganta farkonsa da 1733, da ita ake rawar bikin Bon na tunawa da magabata, da takalmin katako ba safa, da mafici a soke a ɗamara. Ita ce rigar farko da yarinya ke koyon ɗinkawa. Idan ta tsufa ta zama rigar barci, idan ta ƙara tsufa a farke ta a yi wa jariri ƙunzugu, domin wanki ya riga ya tausasa ta, abin da ya rage kuma ya zama tsumman goge daɓe.

Sai zamani ya juya. Bayan faɗuwar gidan Tokugawa a 1868, sabuwar gwamnati ta mai da kayan Turawa tufafin fada a 1872, soja da 'yan sanda da ma'aikata su ma kayan Turawa suka riƙa sawa. A 1887 matar sarki ta fitar da takarda tana kwaɗaitar da mata ga shigar Turawa. Mata ba su yi gaggawa ba. A 1925 wani malami mai suna Kon Wajiro ya tsaya a titin Ginza na Tokiyo yana ƙirga masu wucewa, ya tarar kashi 67 cikin ɗari na maza na cikin kayan Turawa, mata kuwa kashi 1 kacal. Amma mata sun fara fita aiki, nauyin ɗamara kuma ya dame su. Wata malama, Koshihara Haruko, wadda ta kafa makarantar 'yan mata a birnin Nagoya a 1915, ta rage tsawon obi zuwa kimanin mita 3.6, ta ninke ɓangaren da ke zagaya ciki ta ɗinke shi tun daga wurin tela, ta bar faɗi a wurin ƙulli kaɗai. Manyan kantuna suka ɗauka a shekarun 1920, kuma har yau obin Nagoya ce ta yau da kullum. Ita malamar tana cikin mata 39 na farko da aka zaɓa majalisar ƙasa a 1946.

Yaƙin duniya na biyu ne ya yanke igiyar. A ranar 7 ga Yuli 1940 aka hana ƙera kayan alatu da sayar da su, masaƙun Nishijin masu zaren zinariya suka tsaya. Mata suka farke rigunansu suka ɗinka wandon aiki. Bayan 1945, da yunwa ta kama birane, matan gari suka riƙa shiga jirgin ƙasa zuwa ƙauyuka suna musanya kimono da obin aurensu da shinkafa da dankali, ɗaya bayan ɗaya. Sun kira wannan rayuwar tohon gora, domin ana ɓare shi ne ɓawo bayan ɓawo. 'Yan matan da suka tashi a lokacin cikin siket suka girma, ba su ga uwa na ɗaura obi kowace safiya ba.

Da arziki ya dawo a shekarun 1960, kimono ta dawo, amma a matsayin kayan biki. 'Yan kasuwa suka karkata ga alharini mai tsada, inda riba take. Makarantun koyon sa kimono suka buɗe ko'ina, da jarrabawa da takardar shaida, suna koyar da abin da a da ake ɗauka a tsakar gida. Ba za a hana su yabo ba, domin sun adana ilimin da ya kusa ɓata. Sai dai sun mai da al'ada dokoki: santimita nawa wuya zai buɗe, wace ɗamara ke hawa wace riga a wane wata. Tsofaffin hotuna na nuna matan da suna ɗaura tasu sakwa-sakwa, a karkace, suna aikinsu. Matar yau kuwa tana tsoron fita kada wata ta tsayar da ita a titi ta gyara mata. Cinikin kimono ya kai kusan yen tiriliyan 1.8 wajen 1980, yanzu ya faɗi ƙasa da biliyan 300. Yawancin 'yan mata na sa babbar obi ranar bikin cika shekara ashirin a watan Janairu, sa'an nan ranar aure, kuma sau da yawa haya ce, ƙwararriya ce ke ɗaura musu.

Yukata ba ta shiga wannan tarko ba, domin ba a ɗauke ta da girman da za a kafa mata dokoki masu yawa ba. Ba ta son rigar ciki ta alharini, ba ta son matashi ko kitsattsiyar igiya. Ɗamararta rabin faɗi ce, kimanin santimita 15, yarinya na iya ƙulla ta a gaba ta juya ƙullin baya, akwai ma wadda aka ƙulla tun daga kanti. Daga shekarun 1990 matasa suka dawo mata da launuka masu haske, kantuna irin Uniqlo suka sayar da ita da ɗamararta a kuɗi kaɗan. Wasan wutar Sumida, wanda aka farfaɗo da shi a 1978, yana tara mutane kusan miliyan guda a daren Asabar ta ƙarshen Yuli, da yawansu cikin yukata. Masaukan gargajiya da na maɓuɓɓugar ruwan zafi na ajiye wa kowane baƙo tasa a ɗaki.

Wannan rayuwa ba kyauta ta zo ba. Yawancin yukatar kasuwa a yau injin ne ya buga ta, a fuska ɗaya, sau da yawa a wajen Japan, wata ma ba auduga ba ce. Noman baba a Tokushima ya kai ƙololuwa a 1903, sa'an nan shunin kanti na Jamus, wanda ya taɓa karofin Kano shi ma, ya durƙusar da shi. Gidajen da ke ruɓar da ganye a tsohuwar hanya yau ana ƙirga su da yatsu. Rinin dogon allo kuwa tun 1955 gwamnati ta sa shi cikin sana'o'in da take karewa, kuma turmi ɗaya nasa yanzu ya koma kayan masu hali, kamar obin Nishijin.

Wurin da za ka ga tsohon tsarin da ransa shi ne gidajen 'yan kokawar sumo, inda har yau tufafi ke faɗin matsayin mutum. Sabon shiga da ke rukuni biyu na ƙasa ba ya fita sai cikin riga falle ɗaya da takalmin katako, ba ya ɗora babbar rigar sanyi ko da ana dusar ƙanƙara. Sai ya hau rukuni na uku daga sama ake ba shi izinin ɗaura saƙar Hakata. Manyan 'yan kokawa kuma, idan bazara ta gabato, sukan sa a rina musu turamen yukata da sunansu a jiki, su rarraba wa abokai da masu goyon baya da yaran gida. Shi ya sa a tashar jirgin ƙasa ta Ryogoku za ka ga ƙaton saurayi ɗan shekara goma sha shida, riƙe da ƙunshin kayan maigidansa, sanye da yukata mai ɗauke da sunan wani.